Yau na sama wa ƙ, ɗ da ɓ mazauni a kibod

Talata. Tun da safe ban taɓuka komai a aikin Kawu ba, shafi ɗaya ban ƙara ba, amma wallahi ban ga asarar yinin ba ko kaɗan.

Abin da ya faru shi ne, sati uku kenan ina buga mishi tarihin unguwarmu da ya rubuta da hannu a littafin makaranta har guda huɗu, a VS Code, wani editan rubutu na kwamfuta, nake bugawa don laftof ɗin nan ba ta da ƙarfi kuma shi ne ba ya min nauyi. To duk wannan lokacin dabarata ita ce na jera ƙ ɗ ɓ da manyansu a layin farko na fayil ɗin, duk sanda na buƙaci ɗaya sai na haura sama na kwafo na dawo na liƙa. In na gaji kuma sai na bar su k da d kawai na ce zan dawo na gyara. Jiya da daddare Kawu ya karɓi shafukan da na fitar mishi, ya sa tabarau, ya kai yatsa kan wani layi ya ce "ke 'yar nan, na rubuta baƙi sun sauka a ƙofar gari, kin mayar min da su baki." Bai yi faɗa ba, amma abin ya tsaya min a rai, mutumin da ya shekara yana koyar da Hausa ba zan miƙa mishi aikinshi a haka ba.

Shi ya sa yau ina gama karyawa na danna Ctrl+K sannan Ctrl+S, jerin gajerun hanyoyin kibod, wato maɓallan da ake haɗawa a ba da umarni, ya buɗe. Niyyata ta farko na ɗora su kan Ctrl, sai na tarar duk da masu su. Ctrl+B shi ke ɓoye allon gefe, Ctrl+D zaɓo kalma irin wadda kake kai yake yi, Ctrl+Y maido abin da ka janye, shi kuwa Ctrl+K ba a ma taɓa shi don umarni da yawa ta kanshi suke farawa, har wanda na shigo da shi yanzu. Haruffa huɗun da nake nema, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, duk an riga ni.

Na ɗan so na rarraba su, wannan a F6 wancan a wani wajen da babu kowa, sai na tsaya na yi tunani, in na yi haka gobe sai na nemi takarda na duba wanne ne ina. 'Yan gida ɗaya ne, gara su zauna a gida ɗaya. Sai na koma Alt. A Windows Alt da F ko E ko H menu suke buɗewa, amma B, D, K da Y babu menu a kansu. Na shiga keybindings.json, fayil ɗin da ake tsara gajerun hanyoyin a ciki, na rubuta na farko, maɓalli alt+k, umarni type, rubutun da zai fito ƙ, na sa sharaɗin editorTextFocus, wato ya yi aiki in ina cikin jikin rubutu. Na ajiye, na koma fayil ɗin Kawu na danna... ƙ ta fito. Sai da na danna ta kusan sau goma a jere don daɗi. Sauran na kwafa na canza harafi kawai, manyan baƙaƙe kuma na ƙara musu Shift, Ƙ Ɗ Ɓ. Ita ƴ mu nan 'y muke rubutawa, amma na saka ta saboda aikin mutanen Zinder da Maraɗi yana shigo min jefi-jefi kuma su da ita suke amfani.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta, batir ya rage min kamar minti arba'in, sai na ce bari na ƙarasa da masu juya haruffa. Akwai umarni uku da editan ya zo da su ba maɓalli, na mayar da rubutu manyan baƙaƙe, na mayarwa ƙanana, da na girmama harafin farko na kowace kalma, kuma kanun babin Kawu duk suna buƙatarsu. Su ma ƙofa ɗaya na yi musu, Alt+J wato juya, in ka saki sai ka danna B don babba, K don ƙarami, F don farko. Da Hausa na yi tunanin abin shi ya sa ko rubutawa ban yi ba ya zauna min. Na gwada da "ƙofar ɗan agundi", ya mayar da ƙ da ɗ manya daidai ba matsala.

Abu ɗaya ne ya ƙi. In na buɗe akwatin nema da Ctrl+F, Alt+K ba ya rubuta komai a ciki, a jikin rubutun kawai yake aiki. Don haka layin nan na saman fayil ban goge shi ba tukuna, daga nan zan riƙa kwafowa in zan nemi kalma.

Bayan la'asar na kai wa Kawu laftof ɗin na nuna mishi, ya sa yatsa ɗaya a Alt ɗaya a D a hankali, ɗ ta fito, ya ce "to madalla, sai ki koma babi na ɗaya ki bi min su duka." Shafi sittin da wani abu ne. Gobe in Allah ya kai mu da baƙin nan zan fara.