Ramukan Turawa a Tsohon Birnin Gwari

Asabar, bayan sallar isha'i.

Yanzun nan na fito daga wanka amma har yanzu ƙarƙashin faratana baƙi ƙirin yake, na goga da soso na sake gogawa ya ƙi fita, baƙin dutsen Tsohon Birnin Gwari ne ya biyo ni har gida. Ƙafafuna sun yi tsami, amma in ban rubuta yau ba na san gobe rabin abin da Baffa ya faɗa min zai zube.

Shekara da shekaru nake son zuwa wurin nan. Na yi karatun jiyoloji, wato ilimin duwatsu, a Zariya, an kai mu daji mun buga duwatsu da guduma a garuruwan mutane, sunan Tsohon Birnin Gwari ma a lacca na fara jin sa a matsayin wurin zinari, malami yana rubutawa a allo ni kuma gabana yana faɗuwa don garin kakannina ne, amma ramin da kakanmu ya yi lebura a ciki ban taɓa taka bakinsa ba, kowa dai ya san halin da hanyoyinmu suka shiga shekarun nan. Tun da aka ɗan samu sauƙi aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024 nake damun Baffa, yau dai Allah ya yi. Da asuba yace "shirya mu tafi, amma la'asar a gida za ta same mu."

Hanya ba abin faɗi, hazo da ƙura, sanyi har cikin ƙashi. Daga inda mota ta tsaya muka hau babura biyu, Baffa da sandarsa a kan cinya.

Abin da na fara gani ya ban mamaki duk da na karanta shi a takarda. Ramukan a jere suke kamar an ja igiya, kudu da arewa da ɗan karkatawa gabas, tsofaffin sun rufta sun zama kwazazzabai har bishiyoyi sun girma a ciki, sababbin kuma na yaran yanzu suna tsakiyarsu da gefensu, bakinsu ƙunci kamar rijiya, an gitta itace an ɗaura igiya. Baffa ya tsaya bakin wani tsohon kwari ya daɗe bai ce komai ba, can yace "ɗana, nan ne. Babanmu yace da kwanon sarki suke ɗebo ƙasar nan a ka, heluma yana tsaye yana ƙirga sawu, su kai rafi a wanke." Yace shi bai ga Turawan ba, an haife shi sun riga sun tashi, amma yana yaro an sha kawo shi kiwo nan ana nuna masa. Yace kakanmu har ya rasu tsakiyar kansa ba gashi, wurin zaman gammo.

Na zauna kan wani tudun tsakuwa na shiga haɗa maganarsa da abin da ke rubuce. A hukumance haƙar zinari a Najeriya ta fara ne a 1913. Kafin nan Turawa sun kafa binciken ma'adinai na Arewa a 1904, sannan a 1919 aka kafa hukumar binciken ƙasa da duwatsu ta Najeriya gaba ɗaya. Amma abin da ya cika dazukan nan da mutane kuɗi ne, a 1931 Ingila ta raba fam ɗinta da ma'aunin zinari sai farashi ya tashi, a 1934 kuma Amurka ta ɗaga kuɗin oza ɗaya daga dala 20 da 'yan kai zuwa dala 35, ga kuza ta faɗi a Jos lokacin karayar tattalin arzikin duniya, shikenan masu neman arziki suka kwararo lardunan Zariya da Neja da Sakkwato suna bin rafuka da kasko. Sai su wanke yashi, in sun ga ƙwaya su hau gaba, su sake wankewa su hau gaba, har inda ƙwayar ta ɗauke, nan suka san uwar tana kusa a kan tudu. Haka aka gano mafi yawan wuraren nan, Bin Yauri, Maru, Anka, Malele, da namu. A shekarun 1930 ɗin nan abin da aka rubuta an fitar daga Tsohon Birnin Gwari ya haura oza 600, wato kilo 18 da ɗoriya. Na faɗa wa Baffa, ya girgiza kai yace "duk wahalar nan buhu ɗaya bai cika ba?" Nace Baffa ai ko kwano ɗaya bai cika ba, zinari nauyi gare shi, kilo 18 da ɗoriya bai wuce cikin gorar ruwa mai lita ɗaya ba. Ya yi shiru yana kallon kwarin.

Na tambaye shi me ya sa suka tashi, yace "yaƙin Hitila mana, da ɗiban gwamna." Wallahi daidai da abin da ke cikin tarihi. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942 Ingila ta rasa kuzarta ta can, sai aka juyo kan Jos, daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kwasar mutane daga lardunan Arewa ana kai su aikin tilas a filayen kuza, da yawa sanyin Filato da yunwa da ciwo suka kashe su. Zinari ba a harsashi da shi, don haka aka bar ramukansa ba leburori ba kayan aiki. Bayan yaƙi farashin ya tsaya cak a dala 35 shekara da shekaru alhali kuɗin aiki yana hawa, ga shi a 1956 an samu mai a Oloibiri hankalin ƙasa ya koma can. Wannan shi ne abin da ya tsaya min a rai yau tun ina bakin kwarin, ramin nan tashi aka yi aka bar shi, zinarinsa bai ƙare ba.

Daga nan na fito da gudumata na sauka gefen wani sabon rami inda suka zubar da ƙasar da suka haƙo. Dutsen wurin laushi gare shi, yana ɓarewa falle-falle kamar an jera takardu, launin toka zuwa baƙi, yana ɗan sheƙi in rana ta doke shi. Filait muke ce masa. Na murza shi da yatsa sai yatsan ya yi baƙi sumul, girafait kenan, irin abin da ake bakin fensir da shi. Asalinsa laka ce da ta kwanta a ƙarƙashin ruwa tun zamanin da Allah kaɗai ya san tsawonsa, sannan kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce manyan ɓangarorin ƙasa suka yi karo, abin da ake kira Fan-Afirka, suka matse lakar nan suka gasa ta suka nannaɗe ta kamar tabarma. Irin wannan shimfiɗar ana ce mata ɗamarar shist, a Arewa maso Yamma suna nan jere kudu da arewa, ta Zuru, ta Anka, ta Maru, ta Wonaka, ta Birnin Gwari, mu kuma wurin nan yana cikin ta Kushaka ne. Kusa da mu akwai wata babbar tsagar ƙasa, tsagar Kalangai, wadda ta miƙa ta wajen Zungeru, takwararta kuma ta bi ta Anka da Yauri, kuma in ka ɗora wuraren zinarin Arewa a kan taswira za ka ga kusan duk a gefen tsagogin nan biyu suka taru. Ruwa mai tsananin zafi ne ya taso daga can ƙasa ta cikinsu ɗauke da narkakken ma'adini, ya riƙa neman inda dutse ya lanƙwashe ya buɗe baki, ya shiga ya huce, ya bar farin dutsen nan ƙanƙara da muke ce wa kwaz, zinarin yana cikinsa. Irin layin ƙanƙarar nan da ya ratsa cikin dutse shi muke ce wa jijiya, kuma jijiyoyin Tsohon Birnin Gwari in aka bi su sun kai kusan kilomita 7.

Ina cikin duba wani guntun ƙanƙara da ɗan madubina mai ƙara girman abu sai wani matashi ya fito daga ramin, tocila ɗaure a goshi, jikinsa fari fat da ƙura, bai fi shekara ashirin da biyu ba. Ya gaida Baffa har ƙasa, ya dube ni yace "Malam, wannan ba komai a ciki, farin da ya yi tas haka matacce ne. Nemi wanda ya yi tsatsa, mai ramuka kamar saƙar zuma, kuma wanda ya jingina da baƙar ƙasa." Ya tona cikin buhunsa ya miƙo min wani, ya tofa masa yawu ya goge da babban yatsa. Na sa madubi. Ga ta nan a bakin wani ɗan rami mai jan tsatsa, ƙwaya ɗaya ƙanƙanuwa ba ta kai ƙwayar gero ba, rawaya mai taushin gani, duk yadda na juya dutsen launinta bai canza ba. Tsigar jikina ta tashi. Na miƙa wa Baffa madubin, hannunsa yana rawa, ya daɗe yana nema kafin yace "Allahu Akbar, ashe haka take a gidanta."

Abin da yaron nan ya faɗa shi ne abin da aka koya mana a aji na uku, kalmomin ne kawai suka bambanta. Tsatsar nan da ramukan gurbin fairait ne, wani ma'adini mai ƙyalli kamar zinari wanda in ka buge shi da guduma yake farfashewa ya zama baƙin gari, alhali zinari lotsewa yake ya baje. A sama-sama ruwan sama da iska sun cinye fairait ɗin tsawon zamani sun bar zinarin a sake, shi ya sa yake wankuwa a kasko. Kuma girafait ɗin nan da yake cewa baƙar ƙasa yana daga cikin abin da ke sa narkakken zinari ya sauka ya zauna in ruwan zafin ya taɓa shi. Ban gama bayani ba yace "to Malam ga abin da ke damunmu, in mun yi ƙasa sosai sai ruwa ya taso, dutsen kuma ya canza ya yi tauri ya koma mai ƙyalli, mu niƙa mu sa makuri, ruwan zaibar nan mai kama zinari, ya ƙi kamawa, sai mu ce layin ya mutu mu koma gaba." Nace masa bai mutu ba, kun iso inda fairait ɗin bai ruɓe ba ne, zinarin yana kulle a cikinsa, makuri ba ya iya cire shi. Ya kafe ni da ido yace "kenan ramukan da muka bari akwai abu a ƙasansu?" Nace mai yiwuwa ƙwarai, amma ba a sanin yawansa da ido, sai an kafa inji irin na burtsatse an huda ƙasa an zaro ɓargon dutsen an kai awo, domin jijiyar nan ba ta da tabbas, wani wuri giram 5 a tan ɗaya, taku kaɗan gaba ta kai giram 100.

Na ba shi labarin Iperindo a jihar Osun. Shi ma tsohon rami ne na zamanin Turawa da aka bari, a shekarun 1980 kamfanin haƙar ma'adinai na gwamnatin tarayya ya je ya yi bincike, wasu suka ɗora, aka yi ta huda ana awo shekara da shekaru, yau shi ne Segilola, tun 2021 ake fitar da zinari a wurin da manyan injina. A Duki ta ƙasar Maru ma da kamfanin gwamnatin nan ya huda ƙarƙashin ruftattun ramukan sai aka tarar jijiyar ta ci gaba. Su kuma yaranmu ba wanda ya ba su taswira amma su ne suka bi layin nan da diga da shebur har suka gano na Kwaga, wanda ya kai kusan kilomita 3, masu digiri daga baya suka zo suka rubuta. Wallahi abin ya dame ni ƙwarai, ilimin yana cikin kabad a Kaduna da Zariya da Turanci, mai shiga ramin kuma yana nan yana caca da ransa a kan abin da shafi biyu na Hausa za su iya rage masa.

Kafin mu tashi na roƙe shi abu ɗaya. A cikin duwatsunsu na ga ɗigo-ɗigon galina, mai launin toka mai walƙiya, ita ce uwar dalma. Nace don girman Allah kar ku kai dutsen nan gida a niƙa inda yara suke rarrafe, ka tuna Bagega da Dareta da 'Yargalma a Zamfara, a 2010 yara sama da 400 ƙurar dalma ta kashe, iyayensu ba su san abin da ke cikin turmin ba. Yace yana da 'ya 'yar wata takwas. Yace a bakin rafi suke niƙa amma kayan jikinsa da su yake shiga gida, matarsa ke wankewa. Nace ka riƙa wanka ka canza kaya tun a nan, takalmin ma kar ya shiga ɗaki. Ya ce in Allah ya yarda, Baffa kuma ya ƙara masa da nasa faɗan irin na manya.

La'asar a hanya ta same mu, Baffa bai ce komai ba a kan haka. Guntun dutsen nan yaron ya ƙi karɓar kuɗinsa, yace na Baba ne tunda mahaifinsa ya riga su shiga ramin. Baffa ya ƙulle shi a bakin rawaninsa, da muka iso ya kira jikokinsa ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu da madubina, har yanzu madubin yana wurinsa.

Na karɓi lambar yaron. Gobe in Allah ya kai mu zan nemo tsohon littafin laccata in zana masa yadda jijiyar take kwance, inda tsatsa ta ƙare da inda fairait ya fara, da hoton galina don ya nuna wa abokan raminsa, in kai shago a buga min kwafi ashirin. Ranar kasuwa direban da ya kai mu zai koma can, shi zan ba wa.