Wasiƙa daga Ingila: albashin da ke kan takarda da wanda ke shiga aljihu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gajiya, ya iyali? Mu nan lafiya lau, sai sanyi, shi ma zan zo kansa tare da maganar gina gida.

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa cikin saƙonninku: nawa ake biyan ma'aikaci a Ingila, kuma in an canja naira nawa ke nan? Wannan lissafin canji shi ke ruɗar mutane. Bari in warware muku takardar albashi guda.

A ce mutum yana kan fam 30,000 a shekara. Fam 12,570 na farko babu haraji a kansu. Abin da ya haura ana cire masa kashi 20 cikin 100, wato fam 3,486. Sai kuɗin inshorar ƙasa, kashi 8 cikin 100 na wannan ragowar, kusan fam 1,394. Sai fansho. In an gama yanka, abin da ke faɗawa asusu fam 2,000 ne da 'yan kai a wata, kuma ba a biya haya ba, ba a biya harajin gida na ƙaramar hukuma ba, ga kuɗin gas da ke tashi da zarar hunturu ya shigo.

Abin da ya fi cin raina shi ne yadda mutanenmu ke asara saboda takarda. A jikin takardar albashi akwai lambar haraji, ga yawancin ma'aikata 1257L ce. Idan ka bar aiki, tsohon wurinka zai ba ka takarda mai suna P45 ka kai sabon wuri. Wanda ya yar da ita, bai kuma cika fom ɗin sabon ma'aikaci daidai ba, sai a wayi gari an ɗora shi kan wata lamba, irin BR, mai cire kashi 20 daga dukkan albashi. A misalinmu, maimakon fam 290 a wata sai a cire 500. Hukumar haraji ta HMRC tana mayar da rarar, amma wanda bai lura ba zai yi watanni yana ƙunci a banza. Shekarar harajinsu ranar 6 ga Afrilu take farawa, kuma kafin ƙarshen Mayu ake ba da P60, jimillar abin da aka biya ka da abin da aka cire. A adana ta.

Tun 2012 doka ta sa a riƙa saka ma'aikaci cikin fansho kai tsaye: tun 2019 shi kashi 5, mai aiki aƙalla kashi 3. Da yawa suna ficewa a watan farko don kuɗin aike gida ya ƙaru, sai su bar wa kamfani sama da fam 700 a shekara. Mai gudun riba ya tambayi asusun da ya dace da Shari'a, tsarin fansho na Nest da gwamnati ta kafa ma yana da shi. Fanshon gwamnati kuwa sai mai shekara 10 ta biyan inshora zai samu wani abu, cikakke sai mai 35, kuma wanda ya koma Najeriya da zama ba a yi masa ƙarin shekara-shekara.

Mai bizar aiki da aka sallama, kwana 60 galibi ake ba shi ya sami sabon mai ɗaukar nauyi ko ya fita, kuma ba shi da haƙƙin tallafin gwamnati. Shi ya sa nake ganin ajiyar kuɗin cefane da haya na wata uku zuwa shida ta riga sayen mota.

Ku na gida, kada ku raina naku. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8, kuma kuɗin su isa asusun fanshon ma'aikaci cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. (Wasu jihohi tsarinsu daban ne.) Inda ake cutuwa shi ne a cire a takarda, a ƙi turawa. Ka nemi bayanin asusunka duk wata uku, ka gwada shi da takardar albashi wata-wata, in ka ga giɓi ka rubuta wa hukumar fansho ta ƙasa, PenCom. In ka canja aiki, lambar asusun fanshonka na yanzu za ka bayar, buɗe asusu na biyu matsala yake jawowa ranar ritaya. Tun Nuwamba 2020 ana iya sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara, akwai kuma asusu na shida (Fund VI) marar kuɗin ruwa. Wanda ya rasa aiki kafin shekara 50, bayan wata huɗu zai iya cire kashi 25 na kuɗin asusunsa. Dokar ta kuma wajabta wa mai aiki yi wa ma'aikaci inshorar rai, ninki uku na albashin shekara. Iyalai nawa ne suka san da wannan ranar da mai gida ya faɗi?

Sai darajar naira. Kafin Yuni 2023 dala tana kusan naira 460 a hukumance, farkon 2024 ta haura 1,500, kuma a ƙarshen shekarar hauhawar farashi ta wuce kashi 34. Kuɗin da aka jibge a asusun ajiya narkewa suke kamar ƙanƙara a rana. Na gaggawa kawai za a bari can. Sauran a raba: sukuk (takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa) na gwamnatin tarayya da aka fara fitarwa a 2017, fili mai takardu, ko zinari. A tuna hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, naira miliyan 5 take lamunce wa mai ajiya a bankin kasuwanci guda, kuma an ga ranar hakan lokacin da aka soke lasisin bankin Heritage a Yuni 2024. Duk wanda ya ce zai ninka muku kuɗi cikin wata guda, ku fara neman rajistarsa a hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC. Da irin wannan alkawari MMM ta cinye mutane a 2016, CBEX ta maimaita a 2025.

Maganar gina gida ta hannun dangi tana da tsawo, sai wasiƙa ta gaba. Kafin nan dai, fili ya kasance da sunanka, kuɗi kuma a riƙa turawa mataki-mataki, kowane da rasit. A gaida mutanen gida.