Hitar ruwan tirelata: inda aka kwana bayan wata bakwai

Assalamu alaikum 'yan uwa 'yan koyo. Kwana biyu kun ji ni shiru, wallahi ba ƙyuya ba ce, tirelar nan ce ta riƙe ni, har maman yara ta fara kiranta kishiya don kullum Asabar ina gindinta da sifana a hannu. Ga sababbin zuwa, in na ce tirela ba irin mai ɗaukar siminti a hanyar Kaduna nake nufi ba, ɗaki ne mai taya da ake ja da mota, abin da mutanen Amurka ke ce wa RV, ciki da gado da kicin da ɗan banɗaki. Ta hannu na saya a nan Ohayo cikin watan Maris, ƙirar 2009, kuma kamar yawancinsu a yankin Elkhart na jihar Indiyana aka ƙera ta. Yau zancen ruwan zafi za mu yi, don na kusa kashe kuɗi na fasa, kuma ina so ku ji dalili kafin wani ya kashe nasa.

Abin da na tarar a jikinta hita ce mai tanki, galan 6, wato kusan lita 23, ƙofarta ta waje take. Hanya biyu take dumama ruwa: da gas ɗin furofen, wutarta na bada BTU (ma'aunin zafi) 12,000 a awa, ko da lantarki, wani ƙarfe ne a ciki mai wat 1440, sak boilar nan da muke tsomawa a bokiti a makarantar kwana, bambancin kawai wannan a ɗaure yake.

To ranar farko na ƙona ƙarfen nan. Eh, ranar farko. Mai ita na da ya zubar da ruwan tankin saboda sanyin hunturu, ya kuma juya bawul ɗin da ke bayan hitar yadda ruwa zai zagaye ta ya wuce, ni kuma ban san da zaman wannan bawul ɗin ba, na jona tiyo na buɗe famfon zafi naga ruwa na zuba sai na ce ai tanki ya cika, na danna makunnin lantarki. Ƙarfen nan in ba ruwa a jikinsa ko minti ɗaya ba ya kaiwa ya mutu, ba ƙara ba hayaƙi, kawai za ka jira awa guda ka taɓa ruwa ka ji shi kamar na randa. Laifina ne ba na kowa ba. Sabon ƙarfen ba tsada, abin da ya ba ni wahala neman soket ɗin inci 1 da rabi da ake kwance shi da ita. Tun daga ranar kafin na taɓa makunni sai na fita waje na ɗaga ɗan hannun bawul ɗin rage matsi da ke saman tankin, in ruwa ya feso to ya cika, in iska ce ko shiru, hannuna na aljihu.

Sai kuma wari. Ruwan zafin ya zo amma yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, yara suka ce su kam ba za su yi wanka da shi ba. A nan na koyi zancen sandar anod. Tankunan nan kala biyu ne, na kamfanin Suburban ƙarfe ne da aka shafe cikinsa, shi ke da wannan sandar, na Atwood kuma alminiyom ne ba ya buƙatarta. Aikin sandar ita ce ruwa ya cinye ta a madadin tankin, kuma in ruwa ya daɗe a zaune ƙwayoyin cuta masu son farar wuta suka haɗu da ita sai warin ya tashi. Na samo soket inci 1 da 1/16, na kashe gas da wuta, na jira ruwa ya huce, duk na yi daidai, sai abu ɗaya: ban saki matsin ba. Ina kaiwa zaren ƙarshe sandar ta fito kamar harsashi ta daki gwiwata, ruwa da wani farin tsakuwa-tsakuwa kamar dusar gero ya wanke min fuska da gemu, ƙaramar 'yata na tsaye tana dariya har da riƙe ciki. Da na ɗauko sandar daga ciyawa, waya ce kawai ta rage siririya, da ɗan guntun abu a kai kamar an gwaguyi rake. Ƙa'ida in kashi uku cikin huɗu ya cinye a canza, wannan ta wuce nan da shekaru. Na wanke tankin da binega, na sa sabuwa da farin tef ɗin filamba, wari ya tafi.

Na uku zanzaro ne, ya gina ɗakinsa na laka cikin bututun da gas ke bi, wutar na ci ja-ja tana baƙanta ƙofa. Na goge da ɗan buroshi ta dawo shuɗiya, na sa raga a bakin. Wannan bai ci min minti ashirin ba.

Bayan waɗannan ukun sai raina ya fita daga tankin gaba ɗaya, na fara kallon hita marar tanki. Kuma a takarda wallahi tana da daɗin ji. Ba ta ajiye ruwa, kana buɗe famfo wata 'yar na'ura ta ji ruwa na gudu, fanka ta tashi, wuta ta kama, ruwan ya bi ta siraran bututan tagulla ya fito da zafi, ka rufe ta mutu. Ba sandar anod, ba kilo 23 na ruwa da kake ja, ba jiran rabin awa tsakanin wankanka da na wani. Don ta iya haka wutarta babba ce, ta kamfanin Girard BTU 42,000, ta Furrion da Truma AquaGo 60,000, wato ninki uku da rabi zuwa biyar na tawa. Na zauna da biro na lissafa dalili: BTU ɗaya shi ne zafin da ke ɗaga laba ɗaya na ruwa da digiri ɗaya na Faranhait, galan kuma laba 8.34 ne, in shawa na zubar da galan ɗaya da rabi a minti to laba 750 kenan a awa, kana so ka ɗaga shi daga digiri 50 zuwa 110 sai BTU 45,000, ba a ma sa wanda ke bin hayaƙi ya tafi ba. Ma'ana da sanyi, in ruwan da ke shigowa ya yi ƙanƙara-ƙanƙara, ƙaramar cikinsu dole ka rage gudun ruwa ko ka haƙura da ɗumi-ɗumi. Tanki shi ba ruwansa, zai dai ƙara 'yan mintoci amma zai kai digiri 130 ɗinsa.

Har na sa ta a kwandon saye a intanet. Allah ya taimake ni cikin Oktoba muka je wani sansanin masu tirela kusa da Hocking Hills a nan Ohayo, maƙwabcinmu wani dattijo Ba'amurke da matarsa, tirelarsu sabuwa fil da marar tanki, muka saba har ya ce in shiga in gwada. Gaskiya ɗaya ce, wankan ya yi daɗi. Wurin akwai tiyon ruwa akwai ramin zubar da na datti, na tsaya ƙarƙashin shawa minti goma sha biyar zafi bai motsa ba, rabona da irin wannan a tirela ban taɓa ba.

Sai na ce masa don Allah bari in gwada wani abu a wurin wanke hannu. Na naɗe hannun riga na yi yadda nake alwala: in buɗe kaɗan in tara hannu, in rufe, in kurkure baki, in buɗe, in rufe. Jama'a a nan asirinta ya tonu min. Da na buɗe kaɗan ɗin nan da muka saba, wutar ma ba ta kama ba, don sai gudun ruwa ya kai wani mataki, wajen rabin galan a minti zuwa sama, kafin na'urar ta yarda ana son ruwa. Na ƙara buɗewa, naji fanka, naji ƙyas-ƙyas, sannan wuta, ruwan sanyi na ta zuba a banza kafin zafi ya iso. Na rufe na wanke fuska, na sake buɗewa: ɗumi na sakan biyu wanda ya rage a bututu, sai sanyi ƙarara, sai zafi kuma. Dattijon na dariya ya ce su ma sun san wannan, har suna suka ba shi, sanwicin ruwan sanyi, maganinsa kawai kar ka rufe, ka bar shi yana zuba har ka gama. Ni kuwa da aka tashe ni da buta, aka dake ni a kan ɓarnar ruwan alwala, a ce in bar famfo a sake tun daga wanke hannu har ƙafa? Na karɓi wata robar lita biyu na tara, daga buɗewa zuwa zafi sosai ta kusa cika. Tawa ma tana zubar da na cikin bututu kafin zafi ya zo, ban ɓoye ba, amma bai kai rabin wannan ba, kuma in ya zo ya zo kenan, ko ɗigo-ɗigo ka buɗe zafi ne.

Da na koma tirelarmu na yi lissafin gidana. Mu huɗu ke sallah, a ce asuba da isha kawai muke son ɗumi, sau takwas kenan, lita biyu-biyu lita 16, sama da galan 4 kullum da ba wanda ya taɓa su, ban sa wanke-wanke ba wanda shi ma buɗe-rufe ne. Tankin ruwanmu mai kyau galan 40 ne, na datti galan 30, kuma duk abin da ya zuba a banza sau biyu ya cuce ka, ya rage wancan ya cika wannan. Masu talla na cewa ruwan zafi ba iyaka, to iyakar ai ba a hita take ba, galan 40 a gudun galan ɗaya da rabi ko minti 27 bai kai ba. Mu kuma abin da ya sa muka sayi tirelar shi ne shiga daji inda ba tiyo ba wuta ba maƙwabci, burina ma wata shekara mu je filayen gwamnati na yamma inda ake barin mutum ya yi kwana 14 kyauta, irin su Quartzsite a Arizona da masu RV ke cika ta da hunturu. A irin wurin nan kowane kofi lissafi ne.

Zancen gas ban ga wani babban bambanci ba. Silinda mai laba 20 na ɗauke da wajen BTU 430,000, mai 42,000 za ta shanye ta a awa goma in tana ci da ƙarfinta, tawa sai awa talatin da biyar, amma ita waccan sai famfo na buɗe take ci, don haka ruwa ɗaya kusan gas ɗaya ne, tanki dai na asarar kaɗan wurin riƙe zafi. Ni nakan kunna minti talatin kafin asuba in kashe, da azahar ma da sauran ɗuminsa. Inda tanki ya yi mata nisa shi ne lantarki: yawancin marasa tankin RV gas kawai suke ci, da batir mai bolt 12 don fanka, alhali a sansani kuɗin wuta na cikin kuɗin wuri, sai in rufe silinda in sha wutar da na riga na biya. Sai dai ku kula, wat 1440 amfiya 12 ne, in layinka mai amfiya 30 ne ka haɗa da AC maman yara ta kunna maikurowef, bireka zai faɗi, mun sha fita da tocila.

Kar wani ya ce na kushe ta. Wanda ke zama wata da watanni a sansani mai tiyo, ga iyali da yawa kowa na son doguwar shawa, ya saya, zai ji daɗinta fiye da yadda nake jin daɗin tawa. Kuma Truma sun sa wata 'yar tukunya ƙarama a cikin tasu da ke riƙe ɗan ruwan zafi don kashe wancan sanwicin, wato dai an dawo an roƙi tanki arziki, amma kuɗinta ya fi ƙarfin tirelar 2009. Abu ɗaya da zan roƙe ku: waɗannan ƙananan na ratayawa da ake sayarwa don wanka a fili, kar wanda ya shigar da su ciki, hayaƙinsu ba shi da wari amma yana kisa. Kuma duk wanda ya taɓa layin gas ya shafa ruwan sabulu a mahaɗa ya duba kumfa.

Na cire ta daga kwandon. Tsarin da muke kai yanzu tsohon tsari ne, bokiti da moɗa a cikin banɗakin tirela, a tari zafi kaɗan a surka da na sanyi, galan 6 mai digiri 130 in an surka yana wankan mutum uku ba a jira ba, butoci biyu kuma na cika su da ɗumi tun dare in naɗe da tawul. Dattijon nan da ya ga bokitin ya tsaya yana kallo, ya ce galan nawa, na ce biyu da rabi, bai yarda ba sai da ya auna.

Asabar da ta wuce na shirya ta don hunturu, na ɗaga bawul ɗin matsi tukuna wannan karon, na zare sandar anod na bar ruwa ya tsiyaye, wata bakwai kaɗan ta ci zata ƙara shekara. Na juya bawul ɗin zagaye, na tura ruwan nan mai kalar hoda na hana daskarewa cikin bututai, na manna tef a kan makunnin lantarki na rubuta da maka: TANKI BA RUWA. Aikin gaba shi ne bututun zafi daga hita zuwa banɗaki, na leƙa ƙarƙashin gado naga tsirara yake kusan ƙafa goma sha biyu, na sayo soson naɗewa, in sanyi ya ɗan sassauta zan naɗe shi in sake gwajin robar lita biyu, abin da ya fito zan kawo muku.