Kun Je Garin, Amma Nawa Kuka Gani?

Ƙannena masu shiga aikin rubutun haɗin gwiwa, irin na Wikipedia da makamantansa, akwai tarkon da ya fi kama wanda ya je gari a kan wanda bai je ba. Wanda bai je ba ya san bai sani ba, sai ya buɗe littafi. Wanda ya je kuwa yana ganin ya gama sani. Ni a kan Kobe ya kama ni, birnin bakin teku da ke lardin Hyogo a Japan. Na ɗan zauna can, bayan na dawo muka haɗu da wasu abokan aiki don rubuta bayanin garin da Hausa, kuma ni kaɗai ne na taɓa taka shi.

Abin da na fara kawo musu, rabinsa labarin masallaci ne. Kada ku ga laifina da yawa. An buɗe masallacin Kobe a 1935, shi ne mafi daɗewa cikin masallatan da ke tsaye a Japan, kuma Musulmi baƙi mazauna garin, 'yan kasuwar Indiya da Tatar (wata ƙabilar Musulmi daga Rasha) da Turkawa, su suka tara kuɗin gininsa. Ruwan bama-baman da Amurka ta yi wa garin a 1945 ya ƙone gidajen da ke kewaye da shi, shi bai faɗi ba. Girgizar ƙasa ta zo a 1995, ya sake tsira. Wanda ya daɗe bai ga hasumiya ba, ya shiga ya yi Juma'a a ciki, dole zuciyarsa ta motsa. Sai na rubuta cewa tsirarsa mu'ujiza ce.

Wata malamar makaranta a cikinmu ta goge. Ta sa cewa gini ne na kankare da ƙarfe a lokacin da yawancin gidajen garin na katako ne, ta ƙara da cewa Musulmi da dama suna ganin kariyar Allah a tsirarsa. Raina ya ɓaci. Na ce mata, "Malama, ni fa da ƙafata na shiga, gani ya kori ji." Ta ce, "Malam, masallacin ka gani. Abin da ya faru a 1945 kai ma ji ka yi."

Ku lura da abin da ta yi, domin shi ne aikin. Ba ta ƙaryata imanin kowa ba. Ta dai ɗauke maganar daga bakin rubutun ta mayar da ita bakin masu ita. Mai karatu ya samu dalilin magina, ya samu abin da masallata suke faɗa, ba a ɓoye masa komai ba.

Abin da na bari a waje ma ya fi abin da na cusa muni. Kobe gari ne mai mutum kusan miliyan ɗaya da rabi, Musulmi ɗan ƙaramin kaso ne a cikinsu. Abin da ya gina shi tashar jiragen ruwa ce da aka buɗe wa ƙasashen waje a 1868, daga nan aka samu gidajen Turawa a unguwar Kitano da kasuwar 'yan Sin ta Nankinmachi. Yankin Nada na cikin manyan wuraren da ake yin giyar shinkafa a Japan duka. Ni ban ambace shi ba ko sau ɗaya, don abin bai kwanta mini ba. Ikuta, wurin ibadar Shinto (addinin gargajiya na Japan), wanda ke tsakiyar gari kuma ya fi masallacin daɗewa da ƙarnoni, layi ɗaya na ba shi, shi ma da ɗan habaici. Faɗin cewa ana yin giya a Nada ba talla ba ce, ba kuma yarda ba ce. Rashin faɗin ne yake sa ɗalibi a Kano ko Maraɗi ya ɗauka Kobe wata unguwar Musulmi ce da aka kewaye da teku.

Sannan na rubuta cewa garin ya warke sarai, babu ko alamar girgizar. Da me na auna? Da tafiyata daga tashar jirgin ƙasa ta Sannomiya zuwa Kitano, inda shaguna ke ƙyalli. Girgizar ta auku ne ranar 17 ga Janairun 1995, ƙarfe 5:46 na asuba, ta kashe mutum fiye da 6,000. Babban titin sama na Hanshin ya kife a gefensa. Gobara ta cinye sassan Nagata, unguwar ma'aikata da ƙananan masana'antun takalma, wadda ban taɓa leƙawa ba. Tashar jiragen ruwa, wadda a da take cikin mafi hada-hadar kwantena a duniya, kaya sun koma wasu tashoshi irin su Busan ta Koriya ta Kudu, ba ta sake komawa matsayinta na da ba. A Meriken Park, wurin shaƙatawa a bakin teku, har yau akwai ɓangaren bakin tashar da aka bari a karye da gangan don tunawa. Baƙo yana ganin titin da aka share masa ne. In za ku rubuta "garin" ko "mutanen garin", ku tambayi kanku unguwa nawa kuka shiga, da wane lokaci, da wane harshe kuka yi magana da su.

Bayan wannan sai na zarce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Na daina sa baki, na bar lambobi kawai, yawan jama'a da faɗin ƙasa da shekaru. Wani ya rubuta "Kobe tana kusa da tsaunin Rokko", na bar shi ya wuce don ba ƙarya ba ce. Amma wanda ya hau gangaren nan da ƙafa ya san maganar ta fi haka. Garin siriri ne, an matse shi tsakanin tsauni da teku, har mutanensa suna kwatance da "ɓangaren dutse" da "ɓangaren teku". Wannan matsin ne ya sa aka kwashi ƙasa daga tsaunuka aka cike teku, aka yi tsibirin Port Island da aka buɗe a 1981, sai Rokko Island, sai filin jirgin sama a 2006, shi ma a kan tsibirin da aka gina. Abokan aikina suna da waɗannan shekarun duka a warwatse. Abin da ya haɗa su ne ba su da shi, shi kuma ƙafata ce ta sani. To nan ne amfanin zuwanku: ya nuna muku wace gaskiya ce babba, da wace jimla ce ba ta yi kama da wurin ba. Daga nan ku nemo littafi ko rahoton da ya faɗe ta, ku sa shi. In kun nema kun rasa, ku ajiye ta.

Haka muka yi da naman Kobe, naman shanun da garin ya yi suna da shi. Wani ya kawo labarin da ake yawo da shi cewa giya ake ba shanun, ana musu tausa. Muka cire, muka bar abin da ke rubuce a ƙa'ida: shanu ne jinsin Tajima, waɗanda aka haifa aka kiwata a Hyogo, kuma sai naman ya cika sharuɗɗan inganci kafin a ba shi sunan.

Ƙananan bayanai irin su inda ake sayar da naman halal kusa da masallaci, wurinsu jagorar matafiya ne, kuma ku sa shekarar da kuka gani, don shago yana rufewa. Hawayen da kuka yi a sahu kuwa, ku rubuta shi daban da sunanku a kai. Masallacin ya ƙare da sakin layi biyu a ƙarƙashin addinai, bayan Ikuta. Ni na so uku, aka rinjaye ni.