Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Lokacin da Baba da Kawu Suka Daina Gaisawa

Masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya na tsaya a inda Baba ya fara ɗora ni kan keken ɗinki ina ɗan shekara 12. Yau zan shiga maganar da na daɗe ina kewaye mata, domin a shekarun nan ne na fara ganin Inna tana kuka a ɓoye.

Baba tsohon ɗan NEPU ne, jam'iyyar su Malam Aminu Kano. Ya shige ta da ƙuruciya, jim kaɗan bayan kafa ta a 1950, har gidan yari ya kwana saboda ita. Hoton Malam Aminu Kano yana rataye a shagonsa, kullum da safe sai ya sa hannun riga ya goge masa ƙura kafin ya zauna. Kawu kuwa, ƙanin Inna, malamin firamare ne. Gidansa na kallon namu a wani lungu cikin birnin Kano, kwata ɗaya ce tsakaninmu. A zaɓen 1979 tare suka yi wa PRP, sabuwar jam'iyyar Malam Aminu, yawo, suna ɗaga mabuɗi, alamar jam'iyyar, suna "Nasara!" har muryoyinsu suka dashe. Ranar da aka ce Abubakar Rimi ya ci gwamna, a zaurenmu aka kwana ana shan shayi.

Ba a rufa shekara ba jam'iyyar ta dare gida biyu. Rimi da Balarabe Musa na Kaduna suka riƙa zama da gwamnonin jam'iyyun UPN da GNPP, su tara ke nan, shugabannin jam'iyya suka ce a bari, suka ƙi. Masu bin gwamnonin aka sa musu 'yan Santsi, waɗanda suka tsaya bayan Malam kuma 'yan Taɓo. Baba ya ce duk wanda ya yi wa Malam tsaurin ido ya ci amanar talaka. Kawu ya ce soke haraji da jangali da Rimi ya yi, da azuzuwan yaƙi da jahilci, ai su ne abin da Malam ya shekara talatin yana fafutika a kai. Yau da furfura ta fito mini ina ganin kowannensu da tasa gaskiyar, amma a lokacin babu mai sauraron wani.

Abin da ya fara mutuwa shi ne ciyayya. Da can bayan isha'i kowane gida kan fito da kwanon tuwo zaurenmu, magidanta su zauna su ci tare. Sai kwanuka suka fara raguwa ɗaya bayan ɗaya, har ranar da na Kawu, wani kwanon sha-ka-ɗaɗe mai zanen ja, bai fito ba. Dakali ya zama biyu, mai shayi ma ya zama biyu. Bayan tarzomar 10 ga Yuli 1981, da aka ƙona gine-ginen gwamnati aka kuma kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, Kawu ya tsaya a ƙofar shago idonsa jawur ya ce, "Malam, kun ji daɗi yanzu?" Baba ya miƙe jikinsa na rawa ya rantse babu hannunsu, babu yardarsu. Daga ranar ko sallama ta yanke. Matar Kawu ta haihu, Baba bai je suna ba. Inna ta je ita kaɗai, ta dawo ta shige ɗaki ba ta ce wa kowa uffan ba.

Ita kuwa kwatar da ke tsakaninmu, duk shekara kafin ruwa ya sauka akan yi gayya a yashe ta har bakin kududdufi. Shekara biyu ba a yi ba. Dalili kuwa, in ɗan Santsi ya kira gayya 'yan Taɓo ba za su fito ba, in ɗan Taɓo ne ma haka. Kowa yana ganin shara na taruwa, kowa yana jiran wancan ɓangaren ya ji kunya.

A damina ta 1982, cikin watan Agusta, aka kwana ana tsuga ruwa. Gidajenmu na ƙasa ne. Wajen asuba muka ji wani ƙara kamar an sauke lodin itace, sai salatin mata daga gidan Kawu. Ruwa ya rasa hanya, ya ci gindin katangar ɗakin Kaka, mahaifiyar su Inna, ta zube. Baba ko takalmi bai tsaya nema ba. Ina riƙe da fitilar ƙwai a ƙofa na hango shi yana tahowa cikin ruwa iya gwiwa, goye da tsohuwa, Kawu na biye yana kare ta da tabarma. Da aka shimfiɗe ta a gadon Inna, Kawu ya durƙusa ya ce, "Malam, Allah ya saka da alheri." Baba bai kalle shi ba, ya ce, "Uwata ce ai."

Da gari ya waye mai unguwa da liman suka zo jaje. Kaka ce ta yi maganar da maza suka kasa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, sai na mutu a ƙarƙashin gini sannan za su yashe kwatar?" Kowa ya sunkuyar da kai.

Daren nan aka taru a ƙofar gidan mai unguwa, aka kafa ƙungiyar taimakon kai da kai. Abin da har gobe nake yaba wa dattijon nan, bai ce kowa ya bar ɓangarensa ba, bai kuma nemi a tantance wa ya fara ba. Ya ce ranar aiki ba a zuwa da bajen jam'iyya. Kowane gida kwabo 50 a wata. Akwatin kuɗi aka sa masa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun Baba, ɗaya a hannun Kawu, yadda ba ya buɗuwa sai su biyun sun zauna wuri guda.

Ranar Lahadi aka fito da shebur da diga da kwanon sarki, mata suka aiko da koko da ƙosai. Baba yana cikin kwata ya naɗe wando, yana cika kwano yana miƙa wa Kawu a sama, babu mai magana. Can ƙafar Kawu ta zame, ya taho zai faɗa, Baba ya yar da shebur ya cafke masa wuyan hannu. Wani saurayi ya kasa daurewa ya ce, "Santsi ya kwashi ɗan Santsi, Taɓo ya tare shi!" Wuri ya yi tsit, sai Baba ya fashe da dariya, lungu gaba ɗaya ya ɗauka. Daren ranar kwanon nan mai zanen ja ya dawo zaurenmu.

Gardama dai ba su fasa ba, wani lokaci har sai liman ya tsawatar. A zaɓen 1983 Kawu ya bi Rimi zuwa jam'iyyar NPP, Baba ya jefa wa Sabo Bakin Zuwo, ɗan takarar gwamna na PRP. Amma kafin nan, ranar 17 ga Afrilu da aka sanar da rasuwar Malam Aminu, Kawu ne ya fara zuwa shago. Ya tarar da Baba zaune ya kifa kai a kan keke. Ya dafa shi ya ce, "Malam, tashi mu je." A ƙafa suka taka har gidan Malam Aminu da ke Gwammaja, ina biye da su riƙe da buta.

Da yake su biyun ba su yarda ɗayansu ya riƙe littafin ƙungiya ba, sai aka damƙa mini shi, ni da ban gama firamare da daɗewa ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za ku ji yadda naira 7 ta ɓace a lissafina, da wanda aka fara zargi.