Wata shida a madatsar Bakolori

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na yi bincike kan ƙananan halittun da ke yawo cikin ruwa, waɗanda 'ya'yan kifi ke ci, a madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara. Duk wata nakan shiga kwalekwalen wani masunci, in ja raga mai idon rariya, in juye abin da ta tace a kwalba da fomalin, maganin hana ruɓewa. Da ido ruwa ne mai ɗan dauɗa. A ƙarƙashin madubin ƙara girma kuwa sai ga dangin ƙumar ruwa, jikinsu garau har kana ƙirga ƙwan da ke bayansu.

Daga Disamba zuwa Mayu na ga sun ragu, na rubuta cewa ɗumamar yanayi ce. Malam ya ja layi da jan biro ya ce, "Ɗana, bazara ka gani." Raina ya sosu. Ya tura ni in karanta abin da aka gano a tafkunan kan tsaunukan Turai da Amurka.

Can ƙanƙara kan rufe tafki fiye da rabin shekara. Da zafi ya ƙaru sai ta riƙa narkewa da wuri, lokacin hayayyafa ya tsawaita, irin halittun da aka sani a kwari su fara bayyana a sama. Amma masu binciken ba su yi gaggawar ɗora wa zafi komai ba, kuma nan ne na fi daɗewa ina tunani. A tsaunukan Tatra, tsakanin Poland da Sulobakiya, ruwan sama mai asid ne ya kore wasu nau'o'in a shekarun 1980, suka fara dawowa da hayaƙin masana'antu ya ragu bayan 1990. A tsaunukan Siyera Nebada na Kalifoniya kifin da mutane suka zuba, wani ma daga jirgin sama, ya cinye manyan Daphnia, wani nau'in ƙumar ruwa. Da aka kwashe kifin daga wasu tafkunan, ƙwan da suka kwanta a laka shekara da shekaru suka ƙyanƙyashe. Sai da suka tara awon gomman shekaru, suka haƙo laka suna karanta ta hawa-hawa, kafin su ware rabon zafi.

Ni ko tambayar masuncin ban yi ba, alhali yana gabana yana tuƙi. Da na koma, shi ya nuna mini inda ruwa ya ja baya saboda ana sako shi ga gonakin rani.

Na goge waccan jimlar ta ɗumamar yanayi. Na bar littafina a ɗakin gwaji, da kwanan wata da zurfi da zafin ruwan kowane awo. Ɗalibar da ta biyo bayana tana jan ragarta a daidai wurare ukun da na ja tawa.