Daga San Pedro zuwa Long Beach: bin sawun hayaƙin tashar jiragen ruwa

Na taso daga tsakiyar birnin Los Anjeles da sassafe, na bi babbar hanya mai lamba 110 zuwa kudu. Tun kafin a hango teku ake fara cin karo da tireloli masu ɗauke da kwantena, sai matatun mai na unguwar Wilmington, sannan ƙugiyoyin ɗaga kaya su bayyana a jere. Tashoshi biyu ne manne da juna a bakin tekun San Pedro, ta Los Anjeles da ta Long Beach. A 2006 suka haɗa kai suka fitar da shirin tsabtace iska, saboda gidaje da makarantun Wilmington da yammacin Long Beach na dab da shingen tasha, cutar asma kuma ta addabi yaran wurin.

A San Pedro na shiga ƙaramin jirgin da ke zagayawa da baƙi cikin tasha. Da muka wuce ƙarƙashin gadar Vincent Thomas muka iso matsaya ta 100, inda a 2004 aka fara jona jirgin kwantena da wutar lantarkin gari. Ko jirgi ya kashe babban injinsa, janaretocinsa na dizal ba sa hutawa, domin fanfuna da fitilu da kwantenonin sanyi duk wuta suke ci, wani lokaci megawat da yawa. Kwana uku a matsaya, kwana uku ke nan na hayaƙi a ƙofar gidan mutane.

Ga yadda ake jonawar. Jirgin kwantena da kebul ɗinsa yake zuwa, naɗe a kan wani ƙaton gare a gefensa. A sauko da shi ƙasa, ma'aikata su buɗe murfin ƙarfe na ramin da soket yake a jikin matsaya, su tabbatar layin a kashe yake kuma an haɗa shi da ƙasa, sannan su cusa filogi, wanda kaurinsa ya kai cinyar mutum. A cikin kebul ɗin akwai siraran wayoyin tsaro, da zarar filogi ya goce ko kebul ya ja da yawa sai wutar ta yanke da kanta. Ƙarfinta bolt 6,600 ne. Injiniyan jirgi zai daidaita bugun janaretansa da na wutar gari, ya mayar da nauyin a hankali, sai ya kashe janareta. Dokar Kalifoniya ta ba da awa biyu a gama wannan daga lokacin da aka ce jirgi ya shirya aiki.

Matsala takan zo ne daga wurin tsayuwa. In jirgi ya tsaya inda garen kebul ɗinsa ya yi nesa da ramin soket, ko garen yana ɓangaren da ke kallon ruwa, ba jonawa. Shi ya sa na ga wani faffaɗan jirgin fito a gefen wani jirgi, ya miƙa dogon hannu ya kifa murfi a bakin bututun hayaƙi, yana zuƙe hayaƙin yana tacewa. Tukunyar tururi kuwa, wadda ke ɗumama mai, tana ci gaba da ƙona mai ko an jona wuta, don haka kada wanda ya ga kebul ya ɗauka bututun ya mutu murus.

Tun daga cikin teku ake fara rage hayaƙin. Ana ƙarfafa wa jirgi gwiwa ya sauko da gudunsa zuwa kimanin kilomita 22 a awa tun yana kilomita 74 daga tsinin Point Fermin, masu kiyayewa kuma a rage musu kuɗin matsaya. Ƙarfin da inji ke buƙata yana hawa ne kusan ninki takwas in an ninka gudu biyu, saboda haka ragi kaɗan a gudu ragi ne babba a mai. Game da man kansa, tun 2015 sinadarin sulfa ba ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari a gaɓar Arewacin Amurka, alhali a sauran teku iyakar 0.5 ce tun 2020.

Bayan azahar na haye gadar Vincent Thomas zuwa tsibirin Terminal, na wuce ta sabuwar gadar Long Beach da aka buɗe a 2020. Daga samanta ana kallon filin lodi da sauke kwantena na Middle Harbor. Ƙugiyoyin wurin da lantarki suke aiki, motocin da ke kai kwantena daga bakin jirgi zuwa ma'ajiya kuma masu batir ne, ba direba, in caji ya yi ƙasa su tafi rumfar da ake zare batirin a sa wani. Wurin ya burge ni ƙwarai. Sai dai fili ne da aka rushe aka sake ginawa daga tushe, sauran filayen kuwa dole su sauya kaya suna cikin aiki, su kuma jira kamfanin wuta ya ja musu sabon layi. Burin da tashoshin suka sa a 2017 shi ne zuwa 2030 duk injunan cikin fili su daina hayaƙi, tireloli kuma zuwa 2035.

Tirelolin nan su ne ƙashin wuya, kuma a kan hanya mai lamba 710 na gane haka, inda na yi tafiya a tsakaninsu bamba na taɓa bamba. A watan Oktoban 2008 aka hana motocin da aka ƙera kafin 1989 shiga tasha, zuwa 2012 kuma sai wadda injinta ya cika ƙa'idar 2007. Irin waɗannan suna da matata a cikin salansa mai kama baƙar ƙurar hayaƙi, na baya-bayan nan kuma suna fesa ruwan yuriya mai kashi 32.5 cikin ɗari don kashe gas mai guba. Amma matatar sai ta yi zafi wajen digiri 600 kafin ta ƙone ƙurar da ta tara, motar tasha kuwa wuni take a layi inji na aiki a tsaye. Salansa ba ya zafi, matata ta toshe, kwamfutar mota ta rage ƙarfin inji, direba ya nufi gareji. Rage jira a ƙofar tasha, ta hanyar ba kowace mota lokacin zuwanta, yana cikin maganin hayaƙi kamar yadda sabon inji yake.

Motar batir ta kawar da wannan duka, amma kuɗinta ya ninka na dizal, nauyin batirin yana cin wani abu daga kayan da doka ta yarda a ɗauka, ga lokacin caji da ba a biyan direba. Tun Afrilun 2022 ana karɓar dala 10 a kan kowace kwantena mai ƙafa 20 da tirela ta ɗauka da kaya, ana tara kuɗin don tallafa wa sayen motoci marasa hayaƙi. A ganina nan ne ya kamata a fi matsa ƙoƙari, domin da yawa daga masu motocin ƙananan 'yan kasuwa ne, kuma dokar da ta ɗora musu bashin da ba za su iya biya ba fitar da su kawai za ta yi daga sana'a. Alƙaluman tashoshin sun nuna baƙar ƙurar hayaƙin dizal ta ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari in an kwatanta da 2005, wadda ta rage kuwa ita ce mafi tsadar kawarwa.

A hanyar komawa na karkata zuwa titin Alameda na tsaya a Compton, inda layin dogo ke nutsewa cikin rami mai zurfin mita 10 da tsawon kilomita 16. An buɗe layin a 2002, ya kawar da mararrabar dogo da titi sama da 200 inda motoci ke cirko-cirko suna jiran jirgi ya wuce. Jirgi ɗaya na jan kwantenonin da sai tireloli ɗaruruwa za su kwashe. Kawunan da ke jan sa dai har yanzu dizal suke sha, kuma daga kan gada ana jin warinsa yana tasowa daga ramin.